Abin da Mita Ta Nuna wa Hudu Mai Wayarin

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Abin ya daɗe, tun lokacin da motocin garin ba su da yawa, har mutanen tasha kan gane kowace mota da ƙarar injinta tun ba ta ƙaraso ba. Sunan mutumin Hudu. Sana'arsa gyaran wutar mota, abin da muke kira wayarin. Ku saurara da kyau, jama'a, don ba labarin wani babban malami zan ba ku ba, ba kuma na attajiri ba. Talaka ne irinmu, wanda in ya shigo masallacin nan ba wanda zai matsa masa wuri a sahun gaba.

Hudu ba shi da shago. Rumfa ce ta langa-langa a bayan tasha, da benci guda, da akwatin katako. A cikin akwatin akwai filaya da sukundireba da guntayen waya, sai kuma mitarsa, wadda yake naɗewa a tsohon tawul. Ba irin mitar yanzu ba ce mai rubuta lamba. Ta da ce, mai allura, da wayoyi biyu, ja da baƙa. In ka ɗora bakin wayoyin a wurare biyu da wuta za ta iya bi ta tsakaninsu, sai allura ta tashi ta tafi dama. In hanyar a yanke take, allura tana nan kwance ba ta motsi. Sauran masu wayarin na lokacin ba ruwansu da wannan. Waya suke gogawa a jikin ƙarfe, in ta yi tartsatsi su ce akwai wuta. Shi kuwa Hudu sai ya auna. Direbobi har tsokanarsa suke yi, suna ce masa likita. In an kawo masa mota ana cewa kik, wato abin da ke tayar da inji, ya mutu a sayo sabo, sai ya ce, "Bari mu auna tukuna." Sau da yawa sai a tarar 'yar waya ce ta saki, ya ɗaure ta ya sallami mutum. Da haka aka san shi, da haka aka yarda da shi.

To, akwai wani direba ana ce masa Ilu, yana jan wata tsohuwar akori-kura, yana ɗauko albasa da hatsi daga ƙauyuka. Ilu mutum ne mai zafin kai da saurin baki, amma ba shi da riƙo. Wata ranar kasuwa sai ga shi a rumfar Hudu, an turo motar da hannu, ta ƙi tashi, ga kayan mutane maƙare a baya.

Ya ce, "Malam Hudu, ka taimake ni. In na murɗa makulli shiru nake ji. Masu kayan nan sun kusa cinye ni ɗanye."

Bari in ɗan yi muku bayani a nan, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane abin da ya biyo baya ba. Akwai wani ɗan ƙaramin abu a mota ana ce masa rile. Bai fi kwalin ashana ba, ƙafafunsa huɗu. A cikinsa akwai wani siririn ƙarfe kamar harshe. In direba ya murɗa makulli, sai 'yar wuta kaɗan ta shiga ta jawo harshen nan ya taɓa ɗan'uwansa, ka ji ƙas, sai wuta ta wuce zuwa solinoyid, wato ɗan gwangwanin nan da ke manne a kan kik, shi kuma ya sa kik ya juya inji. In an saki makulli, harshen ya koma mazauninsa, wuta ta yanke. Aikinsa ke nan. Ya taɓa in an ce ya taɓa, ya saki in an ce ya saki.

Hudu ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, can ciki inda rilen motar yake, ya ciro shi ya auna. Ya ga harshen ya gaji, ba ya kaiwa. Ya duba akwatinsa, ba sabo. Mai sayar da kayan mota kuma ya yi tafiya, shagonsa a rufe. Ilu yana tsaye a kansa yana ta magiya. Sai Hudu ya buɗe rilen, ya kankare bakin ƙarfen, ya sa filaya ya lanƙwasa harshen ya matso da shi kusa, kusa ƙwarai, ya rufe, ya naɗe da baƙin salatif ya mayar. Ilu ya murɗa makulli, mota ta tashi.

Hudu ya miƙa hannu zai ɗauko mita ya tabbatar harshen yana saki yadda ya kamata, amma Ilu ya riga ya sa giya, ga wata motar tana jira a baya tana ta hon. Sai Hudu ya ce a ransa, ba komai, in mai shago ya dawo na sayi sabo na kira shi na canja masa. Ku ji fa, mutumin da bai taɓa sallamar mota bai auna ba, ranar nan ya sallama. Bai auna ba, bai kuma gaya wa Ilu cewa gyaran wucin gadi ne ba. Kwana ya bi kwana, aiki ya bi aiki, ya manta.

Bayan mako uku, wata ranar kasuwa, an idar da sallar azahar ke nan, Hudu yana zaune a rumfarsa sai ya ji wani irin ihu daga wajen siton hatsi. Ba ihun ɓarawo ba ne, ba na faɗa ba. Ya tashi da gudu. Da ya kutsa cikin mutane, sai ya ga akori-kurar Ilu ta haɗe da bangon sito, kuma tsakanin bamba da bango akwai mutum. Mati ne, wani ɗan dako da kowa ya sani a kasuwa, mai mata da 'ya'ya biyar, wanda ba shi da jari a duniya sai bayansa da ƙafafunsa. Motar ta matse shi daga gwiwa zuwa ƙasa. Bai suma ba. Idonsa a buɗe, yana kallon mutane, bakinsa yana motsi amma ba abin da ke fita.

Maza suka taru suka tura motar baya, aka zare shi. Waɗanda suka ga ƙafar dama suka kau da kai. Wata mai sayar da ƙosai ta zube ƙasa tana salati. Aka sa shi a wata motar aka yi asibiti da shi.

Kafin nan jama'a sun riga sun rufar wa Ilu. Abin da ya sa kuwa, da safen ranar ya yi cacar baki da Mati, don Mati ya jefa buhu ya fasa masa madubi, kuma a gaban mutane Ilu ya ce masa, "Wallahi ka kiyaye ni, ko in bi ta kanka da motar nan." Magana ce ta fushi irin wadda yake yi kullum. Amma yanzu ga Mati a matse da bango, ga Ilu a zaune a kujerar direba lokacin da abin ya faru, ga makulli a jikin mota. Wa zai tsaya tambaya?

Ilu yana kare kansa da hannu yana cewa, "Ban taɓa makulli ba. Zaune nake ƙafata a waje, ana loda buhuna a baya, sai kawai ta zabura. Da kanta ta tafi. Wallahi da kanta ta tafi."

Wani ya ce, "Aljani ne ke nan ya tuƙa ta?" Aka ci gaba da duka. Ba don 'yan sanda sun iso ba, da a nan za a gama da shi. Aka tafi da shi caji ofis, aka ja motar ma aka kai can.

Hudu ya koma rumfarsa. Ya ji ƙaurin ƙonanniyar waya a wajen motar, amma tashin hankalin abin da ya gani ya hana shi tunani. Washegari labari ya zo cewa an yanke wa Mati ƙafar dama. Gari ya ɗauka cewa Ilu ya yi niyyar kisa, kuma zai daɗe a gidan yari.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, sarkin tasha, wani dattijo mai suna Alhaji Gambo, ya zo rumfar Hudu da kansa. Ya ce, "Malam Hudu, tsohuwar Ilu ta kwana biyu tana zarya ƙofar gidana tana kuka. Yaron nan har yanzu magana ɗaya yake maimaitawa, wai motar da kanta ta tafi. Ni ban yarda ba, amma na roƙi Sufeto ya bari a duba, don a fita haƙƙi. Kai ne mai abin awo, kuma kai ne mutane za su yarda da maganarka. Ɗauko kayanka mu je."

Suka je. Motar tana ajiye a filin caji ofis. Akwai Sufeto da takarda a hannu, akwai sarkin tasha, akwai direbobi uku ko huɗu, sai kuma Tanimu, yayan Mati, yana tsaye gefe ya harɗe hannu, idonsa jajir.

Hudu ya buɗe bonet. Ya ga babbar wayar batir ta narke ta tsinke. Ya ce musu, "Kik ya daɗe yana juyi har wayar ta ƙone. Motar a giya aka bar ta, birkin hannu kuma ba ya ci, shi ya sa kik ya ja ta gaba."

Sufeto ya ce, "Wannan mun sani. Tambayar ita ce, me ya sa kik ya juya in ba an murɗa makulli ba?"

Hudu ya kwance mitarsa daga tawul. Ya fara da mazaunin makulli. Ya ɗora wayoyin, makulli a kashe, allura tana kwance. Ya murɗa, allura ta tashi. Ya saki, ta koma ta kwanta. Ya ce, "Wannan lafiya lau." Ya shiga ƙarƙashin mota ya kwanto solinoyid. Ya auna shi, sannan aka aro batir ya ba shi wuta, ya yi ƙas. Ya cire wuta, ya saki. Ya maimaita sau biyar, kowane karo yana kamawa yana saki. Ya ce, "Wannan ma lafiya lau."

Sufeto ya gyara riƙon biro. Ya ce, "Ke nan motar ba ta da laifi."

Tanimu ya ce, "Dama mun sani."

Hudu ya ce, "Saura abu ɗaya, ranka ya daɗe." Ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari. Yana kai hannu sai yatsunsa suka taɓa salatif. Ya lalubo, ya jawo abin wajen haske. Baƙin salatif, naɗi uku, an lanƙwashe bakinsa yadda shi kaɗai yake yi. A nan take komai ya dawo masa: ranar kasuwar, da shagon da ke rufe, da filaya, da hannun da ya miƙa zai ɗauko mita bai ɗauka ba.

Jama'a, ku saurara. Yana durƙushe a wajen, bayansa ya tare kowa, ba wanda ke ganin abin da yake yi. Ya jawo mita ya ajiye a kan tabarmar mota. Rilen yana tafin hannunsa, ba a haɗe da komai ba, ba wuta ba makulli. In lafiyarsa ƙalau, ya ɗora wayoyin a ƙafafu biyun da babbar wuta ke bi, dole allura ta zauna a kwance. Ya ɗora.

Allura ta tashi ta buga ƙarshe.

Ya ɗauke hannu, ta kwanta. Ya sake ɗorawa, ta sake bugawa. Ya juya wayoyin, ja a wurin baƙa, baƙa a wurin ja. Haka. Ya ƙwanƙwasa gilashin mitar da farce ko ita ce ta rikice. Ba ta rikice ba. Harshen da ya lanƙwasa ya matso kusa har ya zama jijjiga kaɗan ta isa ta haɗa shi. Buhun da aka jefa a bayan mota ya girgiza ta, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, wuta ta narkar da su suka manne, ba su sake saki ba. Ilu gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya murɗa makulli. Hannun da ya tura motar nan kan Mati na Hudu ne, mako uku da suka wuce.

Ya so ya yi salati, harshe ya ƙi juyawa.

To, a irin wannan wuri ne Shaiɗan yake zuwa, kuma ba da ƙaho yake zuwa ba, da shawara yake zuwa. Ya ce masa, abin nan bai fi kwalin ashana ba, ga aljihunka. Duk cikin mutanen nan ba wanda ya san da shi, ba wanda ya iya karanta mita. Ka tuna abin da aka yi wa Ilu a kasuwa. Ka tuna kana da mata da 'ya'ya huɗu. Hudu ya rufe ido, sai fuskar tsohuwar Ilu ta faɗo masa. Ya ce a ransa, a'a, wannan kam ba zan iya ba.

Ya fito da baya-baya, ya miƙe. Sarkin tasha ya dube shi ya ce, "Lafiya, Malam Hudu? Fuskarka ta sauya."

Hudu ya ɗora mita a kan bonet inda kowa zai gani. Ya ciro wani rile mai lafiya daga akwatinsa, ya ce, "Ku dubi allurar nan. Wannan mai kyau ne." Ya ɗora wayoyi, allura ba ta motsa ba. Ya ce, "Wannan kuma shi ne na cikin motar." Ya ɗora, allura ta buga ƙarshe. Ya warware salatif ɗin, ya buɗe murfin, ya nuna musu ƙarafa biyun da suka narke suka manne. Ya ce, "Ko makulli yana aljihun Ilu a wani gari, motar nan za ta tafi. Bai taɓa komai ba."

Direbobin suka dubi juna. Ɗaya daga cikinsu yana cikin waɗanda suka daki Ilu, sai ya sunkuyar da kai. Tanimu ya sauke hannuwansa, ya matso yana kallon ɗan ƙaramin abin nan kamar bai yarda shi ne ya cinye ƙafar ƙaninsa ba.

Sarkin tasha ya numfasa ya ce, "Inna lillahi. Ashe mun zalunci yaron nan. To, ƙaddara ce. Tsohuwar mota ce, ƙarfe ya gaji. Ba laifin kowa."

Sufeto ya fara rubutawa.

Kun ga ƙofa ta biyu da Shaiɗan ya buɗe masa? Ku lura da ita, don ta fi ta farko haɗari. Ilu ya kuɓuta. Ba a zalunci kowa ba a zahiri. Hudu bai yi ƙarya ba, wani ne ya faɗa, shi shiru kawai zai yi. Gobe ma gari zai ɗauka cewa Hudu mai mita ne ya ceci marar laifi. Da yawanmu a nan, ni ma ban cire kaina ba, da mun naɗe mita mun tafi gida muna godiya ga Allah.

Hudu ya ce, "Ranka ya daɗe, dakata da rubutun. Ƙarfen ba gajiya ya yi ba. Lanƙwasa shi aka yi. Ga shaidar filaya nan a jiki. Ni na lanƙwasa shi."

Sufeto ya ɗago kai. Ya ce, "Me ka ce?"

"Mako uku da suka wuce Ilu ya kawo mini ita. Ba ni da sabo, sai na matse wannan don ta tashi. Ya kamata in auna, ban auna ba. Ya kamata in gaya masa ya dawo, ban gaya masa ba. Shi bai san ma abin da na yi ba."

Sarkin tasha ya kama hannun rigarsa, ya rage murya ya ce, "Hudu, ka san inda kake tsaye kuwa? Ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani, Alhaji."

Tanimu ya tako ya shaƙe masa wuyan riga, ya ɗaga hannu. Hudu bai kare fuskarsa ba, bai ja da baya ba. Hannun Tanimu ya tsaya a sama, har 'yan sanda suka raba su. Sufeto ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Shekarata ashirin da ɗoriya a aikin nan. Masu laifi nake tatsa su faɗi gaskiya. Ban taɓa ganin wanda aka riga aka sallama ya juyo ya ce shi ne ba."

Aka fito da Ilu, fuska a kumbure, ido ɗaya a rufe. Kuna zaton ya rungume Hudu yana godiya? Bai yi ba. Da aka gaya masa abin da ya faru, ya tsaya ya dube shi ya ce, "Ashe saboda kai aka kusa kashe ni." Ya tofar da yawu ya wuce. Ɗakin da aka fito da shi, nan aka sa Hudu.

Da la'asar matarsa Kuluwa ta kawo masa abinci. Ta zauna a bakin ƙofa, ta kasa buɗe kwanon. Ta ce, "Malam, an ce ba wanda ya tambaye ka."

Ya ce, "Ba wanda ya tambaye ni."

"An ce har an gama, an ce ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce. Amma ta hannuna ta bi."

"To mu fa? Ba ka tuna da mu ba?"

Ya ce, "Na tuna da ku, Kuluwa, har na kusa sa abin a aljihu. Amma mutumin nan ƙafarsa ta tafi. Yana da haƙƙin ya san wanda zai yafe wa, ko ya ƙi yafe wa. In na ɓoye masa a nan, akwai ranar da za a nuna masa ni, kuma ranar ba ni da abin ba shi." Ta sa mayafi ta rufe fuska tana kuka.

Magana ta je gaban alƙali. Ya duba ya ce kuskure ne da sakaci, ba ganganci ba, ya yanke abin da ya yanke. Hudu ya sayar da 'yar gonar da ya gada ya cika hukunci. Da aka sake shi bai nufi gida ba, asibiti ya nufa. Ya tarar da Mati a kwance, zane ya lotsa inda ƙafa take a da. Ya durƙusa a gefen gado ya ce, "Mati, ni ne. Na zo ka ji daga bakina. Ka yafe mini don Allah."

Mati ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya ce, "Malam Hudu, da ka yi shiru, da na ce ƙarfe ne, na haƙura na huta. Ƙarfe ba a jin haushinsa. Yanzu ka ba ni fuskar da zan riƙa gani duk sanda na kai hannu ban ji ƙafata ba. Tashi ka fita."

Ya tashi ya fita.

Rumfarsa ta zama kufai. Direbobin da ke ce masa likita suka riƙa wucewa suna kau da kai. Wasu suka ce mugu ne, wasu suka ce wawa ne, kuma masu cewa wawa sun fi yawa. Shi kuwa ranar kasuwa ta farko, sai mutane suka gan shi a bakin sito, ya naɗa gammo, mutum mai shekara hamsin, yana cewa a ɗora masa buhu. A gurbin Mati ya tsaya. Ya yi dako tun safe har la'asar, abin da ya samu ya kai ƙofar gidan Mati ya ba matarsa, ya juya bai nemi ganin maigidan ba. Kasuwa mai zuwa ma haka. Ta gaba ma haka. Ranakun da ba kasuwa yana rumfarsa, in Allah ya kawo baƙon direba ya yi masa aiki ya ciyar da nasa iyalin. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Bayansa ya ranƙwafa. Mati bai aiko masa da ko gaisuwa ba.

A shekara ta uku, wata safiya, Hudu yana kankare kan batir sai ya ji ƙarar sanda a ƙasa. Ya ɗago, sai ga Mati yana dogarawa. Ya zo ya zauna a kan benci, ya jingine sandunansa, yana haki. Ba sallama mai tsawo. Ya ce, "Nuna mini irin abin."

Hudu ya ɗauko rile ya buɗe masa. Ya nuna masa harshen, ya nuna masa yadda yake taɓawa da yadda yake saki. Ya miƙa masa wayoyin mita ya ɗora da hannunsa. Mati ya yi ta jujjuya abin a tafinsa. Ya ce, "Ɗan wannan."

"Ɗan wannan."

Can Mati ya ce, "Na so in tsane ka, Malam Hudu. Shekara biyu ina ƙoƙari. Kullum in na kusa, sai matata ta shigo ta ce ka zo ka tafi. Tanimu ya gaya mini yadda aka yi a caji ofis, cewa an riga an rufe magana kai ka buɗe. Na tambayi kaina ko ni zan iya, na ga ba zan iya ba. Ka daina dakon nan, ka tsufa. Na yafe maka, duniya da lahira."

Hudu ya kifa kansa a kan akwatin katakon nan ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka rufe shi.

Na san kuna jira in ce daga nan Allah ya buɗa masa, ya gina shago, ya sayi motoci. Bai yi ba. Wasu direbobin sun dawo, wasu ba su dawo ba har abada. Ilu bai sake yi masa magana ba. A talakansa ya rayu, a talakansa ya rasu. Abin da ya samu shi ne ya tafi ba haƙƙin Mati a wuyansa, kuma wannan ba a sayensa a kasuwa.

Yanzu ku dawo nan, jama'a, mu dubi kanmu. Hudu ba mugu ba ne. Mutumin kirki ne da ya yi gaggawa sau ɗaya, ya ce ba komai. Kai magini da ka rage siminti a ginshiƙi, kai ma ba komai ka ce. Kai mai kemis da ka miƙa magani ba ka duba ranar lalacewarsa ba, kai bakanike da ka ɗaure birki da waya ka ce gobe, akwai wani Mati yana tsaye a bakin bango bai san da kai ba. Ku gama aikinku, ku auna, in kuma wucin gadi kuka yi ku faɗa wa mai shi.

Amma duk taka-tsantsan ɗinka wata rana za ka yi kuskure, don kai ɗan Adam ne. Ba a nan ake gane mumini ba. Ana gane shi ne a lokacin da ya gano kuskuren shi kaɗai, ba mai ganinsa, kuma ga wani ya riga ya ba shi mafita ya ce ƙaddara ce. Gaskiyar da ta kuɓutar da wani ta bar ka lafiya, kowa zai iya faɗarta. Wadda za ta kama wuyan rigarka ita ce ake tambaya. Akwai wanda ke zaune a cikinmu yanzu, an ɗora wa abokin aikinsa laifin da shi ya yi, ya yi shiru. Akwai wanda ya san dalilin da wani gida ya watse, ya bari ana zagin marar laifi. Ba sai na nuna ka ba, ka san kanka. Wanda ka cuta yana raye, ƙafarka tana iya kai ka ƙofarsa. Ka je yau, ka faɗa da bakinka, ko da zai kore ka. Kunyar ƙofar gidansa ta fi sauƙi a kan kunyar ranar da za a tara mu duka, ba aljihun da za a ɓoye komai.

Allah ya ba mu ƙarfin halin faɗar gaskiya a kan kawunanmu, ya raba mu da haƙƙin bayinsa kafin mu kwanta dama. Amin.